Jirgin Da Ke Shan Mai A Sama: Lissafin Da Muka Yi Da Gwangwani Da Wake



Maganar da muka zo da ita yau ta ɗan yi nisa da abin da aka saba tattaunawa, amma ku ara mana hankalinku. Magana ce ta man jirgin yaƙi, da yadda ake ɗura masa shi yana tsakiyar sararin sama yana sheƙa gudu, da kuma irin wahalar da mai tsara wasan dabarun yaƙi yake sha idan ya tashi saka wannan aiki a cikin wasansa. Mu 'yan kaɗan ne a ƙungiyarmu da muka kamu da son irin wannan wasa, kuma mun shafe watanni muna kai-kawo a kan tambaya guda: idan kana kwaikwayon yaƙi a kan tebur, nawa za ka ɗauka daga cikin gaskiya, nawa za ka bari?

Da farko, ga wanda bai san wasan ba. Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1824 wani matashin hafsan soja mai suna Georg von Reisswitz, a ƙasar Prussia wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, ya gabatar wa manyansa wani wasa da ake yi da taswira da 'yan alamomi masu wakiltar runduna, da dayis, da alƙalin wasa mai yanke hukunci. Sojojin ƙasar suka karɓe shi a matsayin hanyar horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Little Wars, wanda ya kai wasan hannun farar hula. Yau kuma abin ya koma kwamfuta. Akwai irin su Command: Modern Operations, inda mutum zai zaɓi teku da ƙasa, ya jera jirage, ya tsara fagensa da kansa. Wannan tsara fage shi ne aikin da ya fi jan hankalinmu. Mai tsarawa shi ke cewa ga wurin da za a kara, ga kayan da kowane ɓangare yake da su, ga lokacin da aka ba shi, ga yanayin sama, ga kuma abin da za a kira nasara.

To, ina maganar mai ta shigo? Jirgin yaƙi mayunwaci ne. Idan ya ɗauki bama-bamai masu nauyi, ko dai ya rage man da zai ɗauka, ko ya ƙara wanda zai ƙona. Tun da wuri aka fara neman mafita. Ranar 27 ga Yunin 1923, a San Diego ta Amurka, wasu ƙananan jirage biyu suka jera, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, na sama ya zuro tiyo, na ƙasa ya kama ya zura a tankinsa. A 1929 wani jirgi mai suna Question Mark ya yi sama da awa 150 bai sauka ba. A 1949 kuma jirgin Lucky Lady II ya kewaye duniya cikin awa 94 ba tare da ya taɓa ƙasa ba, sau huɗu ana ba shi mai a sama.

Hanya biyu ce ta tabbata har yau. Ta farko, jirgin dakon mai, wato tankar sama, yana sako doguwar mesa mai wani abu kamar kwando a bakinta, shi kuma mai shan man yana da tsinke a goshi, matuƙinsa ne zai lallaɓa ya soka tsinken cikin kwandon. Ta biyu, tankar tana da wani ƙaƙƙarfan bututu a wutsiya, akwai ma'aikaci na musamman da ke sarrafa shi har ya shiga ramin da ke jikin mai shan man. Bututun ya fi mesa saurin zuba mai, amma jirgi ɗaya kawai yake ba wa a lokaci guda. Sojan saman Amurka sun fi amfani da bututu, sojan ruwansu da Birtaniya kuma mesa da kwando. Jirgin da aka ƙera don wannan ba zai sha daga wancan ba sai an yi wa tankar ƙari. Kuma aikin akwai haɗari. Ranar 17 ga Janairun 1966, a saman garin Palomares na Sifaniya, jirgin B-52 ya yi karo da tankar KC-135 suna tsaka da wannan aiki. Mutum bakwai suka mutu, bama-baman nukiliya huɗu suka faɗo ƙasa da teku.

Misalin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na yaƙin tsibiran Falkland. Ranar 2 ga Afrilun 1982 sojojin Ajantina suka mamaye tsibiran, Birtaniya ta ce ba ta yarda ba. Filin jirgi mafi kusa da Birtaniya za ta iya amfani da shi yana wani ɗan tsibiri mai suna Ascension a tsakiyar Tekun Atlantika, kimanin kilomita 6,300 daga Falkland. Tsakaninsu babu komai sai ruwa. Sojan saman Birtaniya suka ƙudiri kai hari kan titin saukar jirage na Port Stanley da wani tsohon jirgin bam mai suna Vulcan, wanda ana gab da yi masa ritaya, kuma an yi shekaru ba a yi amfani da na'urarsa ta shan mai a sama ba. Sai da aka bazama neman kayan gyara, matuƙa suka koyi aikin cikin 'yan makonni. Aka sa wa shirin suna Black Buck.

Daren 30 ga Afrilu, wayewar 1 ga Mayu, jiragen Vulcan biyu da tankokin Victor goma sha ɗaya suka tashi daga Ascension, duk don jirgi ɗaya tak ya isa ya jefa bam. Ba a yi nisa ba Vulcan ɗin da aka tsara shi ne zai kai harin ya samu matsala a robar tagar matuƙi, iska ta ƙi tsayawa a cikinsa, ya juya. Na ko-ta-kwana, wanda Martin Withers ke tuƙawa, ya gaji aikin. Tankokin suna tafiya suna shayar da junansu, wanda ya ba da nasa ya juya gida, ayarin yana ta raguwa. Man kuma yana ƙonewa fiye da yadda aka lissafa a takarda, domin Vulcan da Victor kowanne da tsayin da ya fi masa sauƙin mai, tafiya tare ta tilasta musu tsakaitawa.

Can kudu, tanka biyu suka rage, ta Bob Tuxford da ta Steve Biglands. Suna cikin shayar da juna hadari ya taso, jiragen suna tsalle, tsinken jirgin Biglands ya karye. Dole suka yi musayar aiki: Tuxford ya karɓi man da ya bayar, shi ya ci gaba da rakiyar Vulcan. Da aka zo shayarwar ƙarshe, abin da ke cikinsa bai isa duka biyun ba. Ya ba Vulcan iya abin da zai iya, ya juya da man da ba zai kai shi Ascension ba. An hana magana a rediyo don kada Ajantina ta ji, saboda haka bai iya yi wa Withers bayanin dalilin da ya sa man bai cika ba, bai kuma iya neman agaji ba. Shi da ma'aikatansa suka yi gum, suna kallon ma'aunin mai yana sauka, har sai da suka ji kalmar sirrin da ke nuna an kai harin. Sannan ya yi kira, aka tura masa wata tanka ta tare shi.

Withers ya saki bam 21, kowanne mai nauyin laba 1,000. Guda ɗaya ya faɗa kan titin. A hanyar dawowa wata tanka ta tare shi a gefen gaɓar Brazil, ya sauka Ascension bayan kusan awa 16 a sama da tafiyar sama da kilomita 12,000. A lokacin babu wani harin bam da ya kai shi nisa a tarihi. Rowland White ya ba da wannan labari dalla-dalla a littafinsa Vulcan 607 na 2006.

Wannan dare muka so mu mayar wasa. Ba mu da kwamfutar da za ta ɗauki manyan wasannin nan, saboda haka muka koma ga abin da ke hannu: kwali babba muka ja masa layi, kowane layi tafiyar rabin awa, gwangwanin madara ya zama jirgi, ƙwayar wake ta zama mai. Dokar da muka kafa mai sauƙi ce, kuma alƙalumanta namu ne, ba na jirgin gaske ba. Kowane gwangwani yana ɗaukar wake 60, ba ya wucewa. Kowace awa yana cin 10. Tanka da jirgin bam duk iri ɗaya ne. Wanda wakensa ya ƙare a kan teku ya tafi.

Ku biyo mu a hankali, lissafin ba shi da wuya, ko wanda ya tsani lissafi a makaranta zai gane.

Jirgi shi kaɗai yana da awa shida a sama, uku zuwa uku dawowa. Idan wurin da za a kai hari yana nisan awa uku, babu buƙatar kowa. Idan nisan awa huɗu ne, sai a haɗa shi da tanka ɗaya. Bayan awa biyu kowannensu yana da 40. Tanka tana buƙatar 20 ta koma, ta ba shi 20, ya cika 60. Awa biyu ya isa, awa huɗu ya dawo, ya sauka gwangwaninsa fayau.

Nisan awa biyar fa? Tanka biyu. Ta farko ta cika shi a awa ta biyu kamar dā. Ya yi awa uku ya isa, ya yi uku ya dawo daidai inda aka cika shi, ba ko ƙwaya a cikinsa. Dole a daidai wannan lokaci, a daidai wannan wuri, tanka ta biyu tana nan tana jiransa da 40, ta ba shi 20, su dawo tare.

Nisan awa shida ne ya sa muka ajiye shayinmu. Jirgin bam ya tashi da tanka biyu. Bayan awa ɗaya da rabi kowa yana da 45. Tanka ta farko ta riƙe 15 na komawa, ta raba 30 ga sauran biyun, suka cika. A awa ta uku sun sake komawa 45, tanka ta biyu ta riƙe 30, ta ba shi 15, ya cika. Ya je ya dawo wurin da sifili. Tanka ta uku za ta tare shi, amma ita ma sai ta huɗu ta raka ta ta cika ta a hanya, sannan za ta isa da 45, ta ba shi 15. Wannan 15 rabin hanya kawai za ta kawo shi, saboda haka sai tanka ta biyar ta fito ta ƙarasa shi gida. Nisa ya ninka sau biyu kacal, daga awa uku zuwa shida, amma tankoki sun tashi daga babu zuwa biyar. Jirgin bam ya ci wake 120, masu yi masa hidima sun ci 210. Mafi yawan man da aka ƙona, an ƙona shi ne wajen dakon mai.

Nan muka fahimci dalilin Victor goma sha ɗaya. Gani ya kori ji. Mun sha karanta adadin, amma sai da muka ƙirga wake da hannunmu sannan ya zauna mana.

Daga nan muka shigo da dayis irin na lido, domin a takarda komai yana tafiya daidai, a sama kuwa akwai hadari da gajiya da ƙarfen da ke karyewa. Muka ce duk haɗuwar jirgi da tanka a jefa dayis, idan ɗaya ta fito haɗuwar ta lalace. Ɗaya cikin shida, kamar ba komai ba. Amma shirin awa shida yana da haɗuwa shida, kuma kowacce ta dogara da wadda ta gabace ta. Idan ka ninka biyar bisa shida sau shida, abin da zai fito kusan ɗaya bisa uku ne. Wato a wasanmu, cikin tashi uku, biyu za su gamu da matsala a wani wuri. Wannan ne ya tilasta mana ƙara jiragen ko-ta-kwana da ragowar mai na tsaro, kamar yadda masu shirin gaske suka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata ranar Asabar rigima ta tashi. Wani ƙaninmu a ƙungiya ne ke riƙe da jirgin bam. Ya tsallake haɗuwa biyar lafiya, ya kai hari, yana hanyar gida, a haɗuwa ta shida dayis ya nuna ɗaya. Gwangwaninsa babu komai, gida saura awa ɗaya da rabi. Ya dubi wadda ke alƙalanci ya ce, "Haba Yaya, ki ƙara mini wake goma sha biyar mana. Ai wasa ne. Duk wahalar nan a ce a bakin ƙofa zan faɗi?" Ta ce, "Ƙanina, in na ƙara maka, wasan me muka yi tun safe?" Wasu suka goyi bayansa, suka ce ai manufar wasa nishaɗi ce. Wasu suka ce in dai za a riƙa cusa wake a gwangwani duk lokacin da abu ya ɓaci, gara a zubar da waken a ce jirage ba sa shan mai. Aka bar hukuncin yadda dayis ya yanke. Abin mamaki, a mako na gaba shi ne ya zo da shirin da ya fi na kowa tsari, ya ajiye tanka guda a gida cike da mai tana jiran kira.

Wannan jaraba ta ƙara wake ta taɓa kama manya. A farkon watan Mayun 1942, hafsoshin sojan ruwan Japan sun yi wasan gwaji a cikin jirgin ruwan Yamato kafin harin Midway. Kamar yadda Mitsuo Fuchida da Masatake Okumiya suka ruwaito, dayis ya nuna bam tara sun samu manyan jiragensu masu ɗaukar jiragen sama, biyu sun nutse. Babban hafsa Matome Ugaki ya rage adadin zuwa uku, jirgi ɗaya kawai ya nutse, daga baya ma aka dawo da shi fagen kamar ba abin da ya same shi. Masana tarihi suna muhawara a kan ko gyaran nasa yana da hujja. Abin da babu muhawara a kansa shi ne bayan wata guda Japan ta rasa irin waɗannan jirage huɗu a Midway. Wasan gwaji amfaninsa ya nuna maka inda shirinka ke yoyo tun kana kan tudu. Idan ka rufe masa baki, ka yi asarar lokacinka.

Sai dai kuma gaskiya ma tana da iyakar da ɗan wasa zai iya ɗauka. Mun gwada hanya uku. Ta farko, a share maganar mai gaba ɗaya, a ce duk jirgin da ke da tanka nisansa ya ninka. Wasa yana sauri, amma tekun ya zama kamar kududdufi, ba wanda ke jin nisan kilomita 6,300 a jikinsa. Ta biyu, a lissafa komai: nauyin bam, tsayin tafiya, iskar da ke gaba ko baya, mintin da kowane jirgi zai yi a layi yana jiran mesa. Da muka gwada wannan sai muka koma akawu, awa uku muna rubuce-rubuce ba a yanke shawara ko guda ba. Kwamfuta na iya ɗauke wannan nauyi, amma ita ma tana da nata tarkon, domin idan na'ura ce ke aika jirage wurin tanka da kanta, ɗan wasa ba ya ganin inda matsalar take sai ya ga jiragensa sun bar fagen daga sun tafi neman mai.

Hanya ta uku ita muka tsaya a kai, kuma ma'auninta tambaya ɗaya ce: wannan bayani yana tilasta wa ɗan wasa ya zaɓi wani abu ya bar wani? Idan eh, ya shiga. Idan a'a, a bar shi. Da wannan ma'auni abu huɗu suka tsira. Yawan tankoki, domin ba su da yawa, kuma wadda aka ba wannan aiki an hana wancan. Wurin haɗuwa, domin kusa da abokan gaba akwai haɗari, nesa da su kuma mai ba ya isa. Lokacin da tanka za ta ɗauka a ƙasa kafin ta sake tashi. Sai kuma dokar kame baki a rediyo. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ba mu daɗi. Muka hana mai riƙe da tanka da mai riƙe da jirgin bam yin magana ko leƙa gwangwanin juna. Nan take wasan ya canja. Mutum zai ga an ba shi wake goma maimakon goma sha biyar, ya harari ɗan'uwansa, bai san ɗan'uwan ya ba shi har da na komawarsa gida ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda mai tsara fage ba zai yi adalci ba idan ya manta da shi. Ajantina ma nisa ya wahalar da ita. Tsibiran suna da ɗaruruwan kilomita daga sansanoninta, kuma tankokin sama biyu kacal take da su, ƙirar KC-130 Hercules. Jiragenta na Mirage da Dagger ba su da na'urar shan mai a sama, saboda haka 'yan mintoci kawai suke iya yi a saman tsibiran su juya. Skyhawk da Super Étendard kuwa suna iya sha. Ranar 4 ga Mayun 1982, Super Étendard biyu suka sha mai daga Hercules, suka ƙarasa suka harba makamai masu linzami na Exocet, ɗaya ya samu jirgin ruwan Birtaniya HMS Sheffield, mutum 20 suka mutu. Duk wanda ya riƙe Ajantina a wasanmu, tambayarsa ta kowace safiya ita ce: gwangwani biyun nan, wa zan ba yau? Babu harin da ya kai wannan zaɓi nauyi.

Abu na ƙarshe da ya fi ba mu wuya shi ne rubuta abin da za a kira nasara. An tsara hare-haren Black Buck guda bakwai, biyar suka isa. A na shida, ranar 3 ga Yuni, tsinken Vulcan ya karye a hanyar dawowa, dole ya sauka a Rio de Janeiro, Brazil ta riƙe jirgin da mutanensa kimanin mako guda. Har yau ana gardama a kan ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Masu suka suna cewa an ƙona mai mai ɗimbin yawa don rami ɗaya, kuma jiragen dakon kaya na Ajantina sun ci gaba da sauka a titin har ƙarshen yaƙin. Masu yabo suna cewa harin ya nuna Birtaniya na iya kaiwa har cikin Ajantina, abin da ya sa aka karkatar da wasu jiragen Mirage zuwa tsaron gida. Mai tsara fage dole ya ɗauki matsaya, domin maki ne zai rubuta. Idan ya ce bam a kan titi maki goma, jirgin da ya faɗa teku babu ragi, ya koya wa 'yan wasa cewa ran matuƙi ba komai ba ne, kuma za su yi wasa a kan haka. Mu dai muka rubuta cewa asarar jirgi ɗaya da mutanensa ta fi duk makin da harin zai kawo. Yaƙin ya ci rayukan sojojin Ajantina 649, na Birtaniya 255, da mazauna tsibirin uku, kafin ya ƙare ranar 14 ga Yuni. Ba ma son waken da ke gwangwani ya mantar da mu wannan.

Wani zai ce, to ina ruwan mai rubutu da duk wannan? Akwai hanyar da ta haɗa su, kuma ba mu muka share ta ba. Larry Bond, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka, shi ya ƙirƙiri wasan Harpoon a farkon shekarun 1980. Tom Clancy ya yi amfani da bayanan wasan lokacin da yake rubuta The Hunt for Red October, daga baya su biyun suka haɗu suka samar da Red Storm Rising a 1986. Wani babban fagen yaƙin teku da ke cikin littafin sai da suka buga shi a wasa kafin a rubuta shi. Sun bar dokoki da nisa da lokaci su nuna musu abin da zai iya faruwa, sannan suka ɗauki alƙalami.

Mu ma abin da teburin ya ba mu ke nan. Da muka fara, hankalin kowa yana kan jirgin bam, kowa shi yake son riƙewa. Bayan 'yan makonni sai aka koma rububin tanka ta ƙarshe, domin a nan zaɓin yake: ka ba ɗan'uwanka man komawarka ko ka riƙe, kuma ba ka da bakin yi masa bayani. Ba mu zauna mun ƙirƙiro wannan tashin hankali ba, dokar wake 60 ce ta haife shi. Birtaniya ta ba Withers lambar yabo, ta ba Tuxford ma, wanda bai jefa ko bam ɗaya ba a wannan dare.

Ga aikin gida ga mai sha'awa. Ku samo gwangwani da wake, ko tsakuwa irin ta dara. Doka tana nan yadda take: 60 a ciki, 10 a kowace awa, ba a ajiye mai a kan teku, kowa kuma sai ya dawo gida. Wurin hari yana nisan awa bakwai. Tanka nawa za ku tayar, a ina za su haɗu, wace ce za ta fara juyawa? Mu mun samu amsarmu, amma ba za mu faɗa ba tukuna, muna so mu ga ko wani zai zo da shirin da ya fi namu tattali.

Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana nan.